Yaro da Motar Makaranta: Tambayoyin da Iyaye Suka Fi Yi

Duk farkon zango, musamman na watan Satumba da ake ɗaukar sababbin ɗalibai, tambayoyi kusan iri ɗaya ne suke yawo a bakin iyayen da za su fara saka 'ya'yansu a motar makaranta. 'Ya'yana uku sun bi ta wannan hanya a Kano, na kuma daɗe a kwamitin iyaye da malamai mai sa ido kan zirga-zirgar yara, shi ya sa na tattara tambayoyin da amsoshin da nake bayarwa. Magana ɗaya za ta riƙa dawowa a cikinsu: inda ƙaramin yaro ya fi shiga hatsari shi ne 'yan takun da ke tsakanin ƙofar gida da ƙofar mota, da kuma lokacin da yake fita daga hannun wani babba zuwa hannun wani.

Daga shekara nawa ya dace yaro ya fara hawa motar makaranta?

Kafin a tambayi shekarun yaro, a fara tambayar wa zai kasance tare da shi a cikin motar. Idan akwai mai rakiya, malama ko Anti wadda ba ta da wani aiki sai kula da yaran, ɗan nazare mai shekara uku ko huɗu zai iya hawa. Idan kuwa direba ne shi kaɗai, shi ne mai tuƙi, shi ne mai tsawatarwa, shi ne mai buɗe ƙofa da rufewa, a ganina bai kamata a damƙa masa yaron da bai kai shekara shida ba. Ido biyu gare shi, kuma titi na buƙatar duka biyun.

Ta ɓangaren yaron, ku duba ko ya san cikakken sunansa da na mahaifinsa, ko yana iya zama wuri ɗaya na minti ashirin bai miƙe ba, ko kuma idan fitsari ya matse shi zai iya buɗe baki ya gaya wa babban da ba ɗan gida ba. Idan bai kai nan ba, a riƙa kai shi da hannu tukuna. Jinkirin zango ɗaya ba zai rage masa komai ba.

Me ya sa ake cewa kewayen motar ya fi cikinta hatsari?

Saboda direba ba ya ganin ƙaramin yaro. Ni ma ban gane girman maganar ba sai ran da na gwada. Wata rana bayan an tashi, na roƙi direban 'ya'yana ya bar ni in zauna a kujerarsa, mota a kashe, makulli a aljihunsa. Kosta ce. Na ce autata, tana shekara huɗu a lokacin, ta tsaya dab da gaban motar, yayarta na riƙe da hannunta. Kan yayar na gani. Autar kuwa ko saman hijabinta ban hango ba, alhali ina jin muryarta tana cewa, “Umma, kina gani na?” Da suka zagaya baya, dukansu biyu suka ɓace, na duba madubin dama, na duba na hagu, babu kowa. Direban ya ce da ni, “Hajiya, abin da nake fama da shi ke nan kullum.” Gani ya kori ji. Duk uba ko uwar da ke da hali, su yi wannan gwaji tare da yaron, a ɗaga shi ma a zaunar da shi a kujerar ya ga yadda ɗan'uwansa ke ɓacewa.

A Amurka, inda motar makaranta mai launin ɗorawa ta zama tsari tun 1939, ana koya wa yara cewa ƙafa goma a kewayen motar, wato kusan mita uku, wurin hatsari ne. Yaro bai san mita ba, amma ya san taku. Ku ce masa: manyan taku biyar daga bakin kwalta yake tsayawa ya jira, ba ya matsowa sai mota ta tsaya cak, an buɗe ƙofa, Anti ta kira shi. Idan ya sauka ma manyan taku biyar zai yi ya nisanci motar. Bayan mota kuwa ba a bi ta nan ko da wasa. Sai wata jimla da nake so kowane yaro ya haddace kamar karatun allo: “In ban ga idon direba ba, shi ma bai gan ni ba.”

Idan wani abu ya faɗi masa a kusa da motar fa?

Wannan ita ce tambayar da na fi so iyaye su tsaya a kanta. Gorar ruwa ta suɓuce ta gangara ƙarƙashin mota, ko takalmi ya cire, ko iska ta ɗauke takardar da malama ta yi masa maki mai kyau. Yaro zai sunkuya ya ɗauko, kuma da ya sunkuya ya fita daga idon kowa. Direba ya ga ba kowa, sai ya ja.

Me ke sa yaron sunkuyawa? Mu ne. Jiya ya ɓatar da gora an yi masa faɗa, wataƙila har da bulala, an ce kuɗi ba a ƙasa ake tsintar su ba. Ɗan shekara biyar ya san zafin faɗan Umma, bai san nauyin taya ba. Don haka ƙa'idar “kar ka ɗauko” ba za ta yi aiki ba sai an haɗa ta da alkawari. Ku durƙusa daidai tsawonsa, ku dube shi, ku ce: “Duk abin da ya faɗi kusa da mota, ka bar shi, ka gaya wa Anti. Ko mota ta taka shi ba zan yi maka faɗa ba, Abba ma ba zai yi ba.” Ranar da abin ya faru kuma ku cika alkawarin. Idan ya dawo gida ba gora ya ce ta faɗa ƙarƙashin mota ya bar ta, ranar yabo ce, a sa masa albarka a gaban 'yan'uwansa.

Ta yaya zan koya masa ba tare da na tsorata shi ba?

Da wasa, a tsakar gida. A jera kujeru ko kujerun tsuguno su zama mota, tabarma ta zama titi, wani ya zama direba, wata ta zama Anti. A yi jira, a yi hawa ɗaya bayan ɗaya ba turereniya, a zauna, a sauka, a yi taku biyar. A jefar da gora da gangan a ga me zai yi. Bayan haka a musanya, shi ya zama direba, ku ku yi kuskure ya gyara muku. Abin da yaro ya gyara wa babba ba ya saurin mantawa.

Kada a tara masa dokoki goma rana ɗaya. Uku sun isa a makon farko: jira nesa da titi, zauna har mota ta tsaya, kar ka ɗauko abin da ya faɗi. Labarin jini da gawa ba ya ƙara wa yaro hankali, firgita shi kawai yake yi. Idan da hali, kafin a koma hutu ku kai shi makarantar ya ga motar tana tsaye, ya gaida direba da Anti, a nuna masa kujerarsa.

Zai iya tsallaka titi da kansa idan motar ta sauke shi a ɗaya gefen?

A'a. Yaron da bai kai kusan shekara goma ba bai iya auna gudun mota da nisanta ba, ko da kuwa yana da wayo a aji. Yakan ɗauka tunda shi ya ga motar, ita ma ta gan shi, kuma za ta iya tsayawa nan take. Gajartarsa ma tana hana shi hango abin da ke bayan motar da aka ajiye.

A Amurka doka ta tilasta wa sauran motoci su tsaya idan motar makaranta ta kunna jajayen fitilunta ta miƙo allon tsayawa. A titunanmu ba wanda zai tsaya. Da motar ta rage gudu, ɗan sahu, wato mai keke mai ƙafa uku, zai wuce ta hagu, mai babur ya kutsa ta dama, tsakaninta da lambatu, daidai inda yaro ke sauka. Shi ya sa Anti ce za ta fara sauka, ta duba baya, sannan ta sauko da yaro da hannunta.

Mafi kyau, ku daidaita da makaranta motar ta riƙa tsayawa a gefen gidanku, ko da sai ta je shataletale ta juyo. In hakan bai yiwu ba, babba ya tsallaka ya jira a gefen da za a sauke yaron, ya kama wuyan hannunsa, su bari motar ta tafi titi ya buɗe, sannan su tsallaka. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, kamar Nijar, don haka hagu ake fara dubawa, sai dama, sai a sake duba hagu. A titin da aka raba biyu ma a duba duka ɓangarorin, don masu bin hannun da ba nasu ba suna da yawa.

Kuskure ɗaya da nake yawan gani: uwa ko yaya ta tsaya a ƙofar gida a tsallaken titi tana ɗaga wa yaro hannu. Da ya hango ta, da gudu zai taho, ba ya ganin komai sai ita.

Me zan duba a jikin motar kafin in biya kuɗi?

Ku fara da ƙofa: ta wane gefe take buɗewa? Akwai ƙananan bas da aka shigo da su daga ƙasashen da ke tuƙi a hagu, irin su Japan da Ingila. A kan mayar da sitiyarin gefenmu, amma ƙofar fasinja tana nan a hagu, wato tsakiyar titi take kallo. Irin wannan mota ba ta dace da ɗaukar yara ba, komai kyan fentinta.

Sai tayoyi. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna lokacin da aka ƙera ta; idan an rubuta 2321, mako na 23 ke nan na shekarar 2021. Taya na iya zama da zane a jiki amma ta tsufa ta tsattsage, ga kuma zafin kwaltar bazara. Ku leƙa ciki ku ga ko kujerun a ɗaure suke da ƙasan motar, ko kuwa an cusa benci a tsakiya don ƙarin wuri. Ku duba tagogi: suna buɗewa iska ta shiga, amma ba har yaro ya iya zuro kai ba? Akwai tukunyar kashe gobara da akwatin taimakon farko? Akwai jarkar fetur a ƙarƙashin kujera? In akwai, ba ta da wurin zama a motar yara. Ku tambaya ko an sa na'urar taƙaita gudu, wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta fara tilasta wa motocin haya tun 2016.

Makarantar da ta san aikinta ba ta jin haushin waɗannan tambayoyi.

Direban fa?

Ku san shi ido da ido, ku ga lasisinsa, ku ji shekara nawa ya yi yana ɗaukar yara. Bayan haka ku lura da shi a ranar da bai san ana kallonsa ba. Ni nakan bi bayan motar sau ɗaya a zango. Yana amsa waya yana tuƙi? Yana ja kafin a rufe ƙofa? Yana yin ribas a harabar makaranta ba mai duba masa baya? A cikin gari dokar hanya ta Najeriya ta tsayar da gudu a kilomita 50 a awa, kuma a lungun unguwa ko ƙofar makaranta wannan ma ya yi yawa. 30 ake ba da shawara a wuraren da yara ke tafiya da ƙafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mutuwar mai tafiya a ƙasa idan mota ta buge shi yana ninkawa sau huɗu da rabi tsakanin gudun kilomita 50 da 65. Ta kuma ce hatsarin hanya ne kan gaba wajen kashe yara da matasa daga shekara 5 zuwa 29.

Amma a yi wa direbobi adalci. Da yawa cikin gudun da suke yi mu ne sila. Mota ta iso ƙarfe bakwai saura kwata, yaro bai gama shan koko ba, ana neman safa, direba na danna hon. Gida biyar suka yi masa haka, ya rasa rabin awa, ga gosulo, ga hukumar makaranta na jiransa da faɗa. A kan titi zai rama lokacin. A shirya jaka da kayan makaranta tun dare, a fito minti biyar kafin lokaci. Idan kuma mota ta riga ta ja, kada a ce wa yaro “ruga ka tare ta”. A bar ta ta tafi, a nemi wata hanyar.

A ina ya kamata ya zauna, kuma dole ne ya ɗaura bel?

In akwai bel, dole ne, kuma mutum ɗaya bel ɗaya. Na cinya ya kwanta a kan ƙashin ƙugu, ba a kan ciki ba. FRSC na hana ɗora yaran da ba su kai shekara 12 ba a kujerar gaba, don haka ko yaro ya yi kuka yana son zama kusa da Baba direba, amsar ita ce a'a. Haka tudun nan na kan inji da ke bayan direba a Hayis, ba kujera ba ne. Ƙanana su zauna a layukan farko na baya, inda idon Anti da hannunta za su kai. Kowa ya san kujerarsa ta kullum. Rigima na raguwa, kuma in wani bai shigo ba nan da nan a gane. Yaro ya jingina bayansa, ƙafafu a gaba, jaka a cinya ko ƙarƙashin kujera, hannu da kai a cikin mota.

Motarmu tana yin lodi fiye da kima. In yi shiru tunda kowa haka yake yi?

Kada ku yi shiru. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, makarantu da yawa sun haɗe sawu biyu ya zama ɗaya, sai ka ga mota mai kujera sha huɗu ta kwaso yara kusan talatin, wasu a cinyar wasu, wasu a tsaye. Da an taka birki da ƙarfi, na tsaye ne ke fara kifawa, na cinya kuma su zama matashin waɗanda suka ɗauke su. Na san halin da ake ciki, iyaye na kuka makarantu na kuka. Amma gara a zauna a taron iyaye a yi lissafi a fili, nawa sawu na biyu zai ci, a raba, ko 'yan unguwa ɗaya su riƙa karɓa-karɓa wajen kai 'ya'yansu. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Da gaske ana iya mance yaro a cikin mota?

Ana yi, har a ƙasashen da suke ganin sun gama tsara komai. A watan Satumban 2022 kaɗai, yarinya 'yar shekara uku ta rasu a yankin Shizuoka na Japan, wata 'yar shekara huɗu kuma a Katar, dukansu an bar su a rufe a motar makaranta cikin zafi. Daga Afrilun 2023 Japan ta wajabta sa na'ura a motocin makarantun ƙananan yara. Wata irinta ƙara take yi da an kashe inji, ba ta yin shiru sai direba ya taka har kujerar ƙarshe ya danna maɓalli.

Yadda abin ke faruwa ba shi da wuyar ganewa. An tashi yaro tun asuba, mota na jijjiga shi, barci ya kwashe shi ya zame tsakanin kujeru. An iso, yara sun sauka da hayaniya, direba ya kulle ya tafi. Malamar aji ta ɗauka yau bai zo ba, uwa a gida ta ɗauka yana aji. Motar da ke rufe a rana kuwa, cikin minti goma zafinta kan ƙaru da kusan digiri 10, jikin yaro kuma ya fi na babba saurin ɗaukar zafi nesa ba kusa ba. Ku tuna bazarar Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, inda a waje ma ake haura digiri 40.

Ba sai mun jira na'ura ba. Abu uku nake nema daga kowace makaranta. Rajista a hannun Anti, tana yi wa kowane yaro alama in ya hau, ta sake yi in ya sauka. Direba ya bi motar da ƙafa har baya, yana leƙa ƙarƙashin kujeru, kafin ya kulle, safe da rana. Sannan duk yaron da ba a gani a aji ba zuwa ƙarfe tara, a buga wa iyayensa waya. Ku ma ranar da yaro ba zai je ba ku sanar, don kiran ya riƙa zama da ma'ana.

Shi ma yaron a koya masa: in ya farka ya ga ba kowa, kada ya zauna yana kuka, ya tafi kujerar direba ya danna hon ya yi ta dannawa har wani ya zo. A yawancin motoci hon na aiki ko inji a kashe yake. Hannun ɗan shekara huɗu ba lallai ya iya ba, don haka a nuna masa ya danna da gorarsa, ko ya juya ya zauna a kai. A gwada da shi a motar gida ko ta maƙwabci.

Wa ya kamata ya karɓi yaro idan an dawo da shi?

Wanda kuka rubuta sunansa a makaranta, shi kaɗai. Mutum biyu ko uku, da lambobinsu, Anti ta san fuskokinsu. In ba a sami kowa a ƙofa ba, a kira waya. In ba a ɗauka ba, a koma da yaron makaranta. Ba a ajiye shi a bakin get a ce ai gidansu ne, ba a kuma miƙa shi ga mai shagon kusa don an saba ganinsa. Idan za a canza mai karɓa, ku da kanku za ku kira makaranta, saƙon baki ta hannun yaro bai isa ba.

Mun saba ce wa yara kada su bi baƙo. A farkon 2022 Kano ta girgiza da labarin yarinya 'yar shekara biyar da aka ɗauke a hanyarta ta dawowa daga Islamiyya aka hallaka ta, kuma wanda kotu ta samu da laifin mai makarantar bokon da take zuwa ne, mutumin da ta sani. Tun daga lokacin na canza abin da nake gaya wa nawa. Yanzu cewa nake: “Ko wa ya ce ka zo ya kai ka gida, ko ka san shi, ko malaminku ne, ko ya ce ni na aiko shi, in ba ni ko Abba muka gaya maka da bakinmu ba, ka ce sai an kira Umma.”

Ku sa kati mai sunansa da lambobin waya biyu a aljihun cikin jaka. Kada a rubuta sunan ɓaro-ɓaro a bayanta, don wanda ya kira yaro da sunansa ya riga ya samu rabin amincewarsa.

Akwai abin lura a sutura da jaka?

Akwai. Hijabin da ke jan ƙasa, igiyoyin jaka masu reto, zariyar da ta zubo, igiyar gora a wuya, duk suna iya maƙalewa a ƙofa mota ta ja. A ɗinka wa yarinya hijabi daidai tsawonta, a naɗe rarar igiyar jaka a ɗaure. Takalmi ya kama ƙafa. Jaka kada ta yi nauyin da za ta rinjaye shi a matakala.

Zai iya cin abinci a hanya?

Gara a bari sai an sauka. Alawa mai tsinke, gyaɗa, aya, cingam, ko fensir a baki, da an faɗa rami ko an taka birki sai a shaƙe ko a soke. Kurɓar ruwa ba laifi. Yaron da mota ke sa wa amai a ba shi abu mara maiƙo da safe, a zaunar da shi inda iska ke shiga yana kallon gaba.

Mu ɗan sahu muka ɗauka yake kai su. Shawarwarin nan sun shafe mu?

Sun fi shafar ku ma. Tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013, A Daidaita Sahu ya zama motar makarantar gidaje da yawa, a yi jinga da mutum ɗaya a biya shi a wata. Kujerar baya ta mutum uku ce, amma kowa ya sha ganin yara takwas ko tara a ciki, biyu a gefen direba, wasu a bayan kujera kan jakunkuna. Ba ƙofa, ba bel, kuma kwana ɗaya da gudu ta isa ta watso na gefe.

In shi ne abin da hali ya bayar, ku yi yarjejeniya a kan adadi tun farko, ku biya abin da zai sa ya riƙe ta. Ba yaro a gefen direba. Manya a bakin gefe, ƙanana a tsakiya. A toshe gefen hagu da ƙarfe ko raga, hawa da sauka ta dama kawai. A tattare hijabi a cinya kada ya kai ga taya. Ku san gidansa, ku riƙe lambar da ke jikin babur ɗin, ku kuma gaya masa ranar da ba zai samu zuwa ba kada ya turo ƙaninsa ko yaronsa ba da saninku ba.

Yarona ya fara kuka duk safiya, ya ce ba ya son motar. Shagwaɓa ce?

A makon farko yawanci kewar gida ce, tana wucewa. Ku yi sallama gajeriya da fara'a, ku karanta addu'ar hawa abin hawa tare, kada ku tsaya kuna leƙe ta taga idonku ya yi rau-rau. Amma yaron da ya saba hawa lafiya sannan ya dawo yana ƙi, akwai dalili. Wataƙila manya na ƙwace masa abinci, ko ana tsokanarsa, ko ana dukansa don ya yi shiru, ko wani abin da ya fi haka muni. Kada ku tsare shi da tambaya a tsaye. Da daddare, kuna kwance, ku tambaye shi wa yake zama kusa da shi, me ya ba shi dariya yau a mota, wa ake saukewa a ƙarshe.

Tambayar ƙarshen nan tana da muhimmanci. Bai kamata a ce yaro ɗaya, mace ko namiji, ya rage shi kaɗai da babba ɗaya a mota ba. Anti ta zauna har a sauke na ƙarshe. Hakan kariya ce ga yaron, kariya ce kuma ga mutuncin direban kirki.

Yarona yana da sikila, ko asma, ko farfaɗiya. In gaya wa direba?

Ku gaya wa makaranta a rubuce, ku kuma yi wa Anti da direba bayani da baki: ga alamar da za su gani, ga abin da za su yi, ga wanda za su kira. Mai asma, abin shaƙarsa ya kasance inda hannu zai kai, a nisanta shi da ƙura da hayaƙi. Mai sikila kada ya rasa ruwan sha, da rigar sanyi a hunturu. Mai farfaɗiya in ta tashi, a tsayar da mota, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali ko wani abu a baki. Ɓoye ciwo don gudun surutun mutane yaron yake cutarwa.

Lokacin hazo da damina fa?

A Disamba da Janairu gari ba ya wayewa da wuri, hazo kuma na rage gani. Yaro mai rigar sanyi baƙa ko ruwan toka a bakin titi ƙarfe shida da rabi kusan ba ya ganuwa. A saya masa mai haske, babba kuma ya tsaya tare da shi. Da damina, ruwa kan shafe lambatu har ba a gane inda kwalta ta ƙare. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi a riƙe hannunsa har cikin mota, direba kuma kada ya kutsa ruwan da bai san zurfinsa ba don gudun makara.

Idan mota ta lalace a hanya ko aka yi hatsari, me yaro zai yi?

Ya zauna a kujerarsa ya saurari Anti. In ta ce a fita, a fita ɗaya bayan ɗaya, a bar jaka, a taru wuri ɗaya nesa da kwalta, a ƙirga kai. Ya kamata makaranta ta gwada wannan da yara ko sau ɗaya a zango, a nuna wa manyan cikinsu yadda ake buɗe ƙofar baya. Lambar gaggawa ta FRSC ita ce 122, ta ƙasa baki ɗaya kuma 112; a liƙa su a cikin motar tare da lambar makaranta. Yaron da ya kai shekara biyar zai iya haddace lambar wayar Umma ko Abba in aka rera masa ita kamar waƙa.

Na ga abin da bai yi mini ba. Ta yaya zan yi magana ba tare da an tsangwami ɗana ba?

Ku rubuta rana da lokaci da abin da kuka gani da idonku: ran Talata, bakwai da minti goma, mota ta ja ƙofa a buɗe. Ƙaramin abu ne, ku sami direban gefe, ba a gaban yara ba, ku gaisa, ku ce, “Malam, ga abin da na lura da shi, don Allah a duba.” Yawancinsu suna karɓa in an zo musu da mutunci. In ya maimaitu, ko abin babba ne kamar gudu, waya, lodi ko alamar maye, ku kai wa shugaban makaranta a rubuce, ku biyu ko uku, ku nemi a faɗa muku ranar da za a gyara. Zauren WhatsApp na iyaye wurin sanar da isowar mota ne da neman shaidu, zagi a cikinsa ba ya gyara birki. Idan ranar ta zo ba abin da ya canza, ku cire yaron daga motar a wannan makon, ko da kun riga kun biya kuɗin zango.